Gwanintar Ƙera Mako: Iyayen da Ke Karantar da Matasansu a Gida

Dokar jihar New York a Amurka ta ce duk wanda ya zaɓi ya karantar da ɗansa a gida, in yaron ya kai matakin sakandare, sai ya ba shi karatun awa 990 a shekara. Kafin a fara, zai miƙa wa hukumar ilimi ta yankinsa takardar abin da zai koyar da littattafan da zai bi, sannan sau huɗu a shekara ya aika mata rahoton inda aka kwana. A Pennsylvania ma adadin ke nan, ko kuwa kwana 180, kuma ƙarshen shekara sai wani malami daga waje ya duba tarin ayyukan yaron ya sa hannu. A Texas kuwa an sakar wa iyaye mara. Tun bayan hukuncin kotun ƙolin jihar na 1994, gida ma makaranta ce mai zaman kanta a idon doka, ba mai zuwa ya ƙirga maka awowi. Sai dai duk cikin waɗannan dokoki babu wadda ta gaya wa uwa abin da 'yarta mai shekara 15 za ta yi da ƙarfe goma na safiyar Talata. Wannan nauyi a kanta yake ita kaɗai, kuma waɗanda suka goge a kansa sun isa a tsaya a kalli hannunsu.

Na ce uwa domin galibi ita ce ke riƙe da aikin. Ba kuma tsiraru ba ne. Ƙiyasin ma'aikatar ilimi ta Amurka ya nuna yara kusan 850,000 ke karatu a gida a 1999, suka kai kimanin miliyan 1.8 a 2012. Da korona ta rufe makarantu a 2020, hukumar ƙidaya ta ƙasar ta ga gidajen da ke yin haka sun ninka cikin 'yan watanni, daga kashi 5.4 zuwa kashi 11.1 cikin ɗari na gidaje masu yara 'yan makaranta. A gidajen baƙar fata tashin ya ma zarce haka, daga kashi 3.3 zuwa 16.1.

Karantar da ɗan shekara bakwai abu ne mai sauƙi in an gwama shi da matashi. Duk abin da ƙaramin zai koya, uwarsa ta san shi. Matashi kuwa ya iso kemistiri da aljebra, waɗanda wataƙila ita kanta ta rabu da su shekara ashirin da suka wuce. Yana da ra'ayinsa, yana da bakin musu, ga shi abin da ya karanta a shekaru huɗun ƙarshe na sakandare shi jami'a za ta duba. Saboda haka aikin uwa ya tashi daga biya karatu ya koma rabon lokaci.

Gwana ba daga Litinin take farawa ba, daga ƙarshen shekara take dawowa baya. Kwana 180 mako 36 ke nan. Awa 990 in an raba, awa 27 da rabi ce a mako. Sai ta ɗauki kowane littafi ta duba kaurinsa. Littafin aljebra na John Saxon, wani tsohon hafsan sojan sama da ya koma koyar da lissafi a Oklahoma, ya samu karɓuwa ƙwarai wajen masu karatun gida, kuma darussa 120 ke cikinsa. Sabon shiga zai ce ai darasi ɗaya kullum, a gama cikin mako 24 a huta. Gwana darasi huɗu take yankewa a mako, rana ta biyar ta bar ta don gwaji da gyara. Da haka littafin zai ƙare a mako na 30, ya rage mata makonni shida a aljihu. Ta san za ta buƙace su. Akwai makon mura, akwai makon da baƙi za su cika gida, akwai kuma makon da kan yarinya zai kulle a wani babi ya ƙi buɗewa sai an yi masa kwana goma. Wanda ya raba littafi daidai wa daida da kwanakin shekara, shi ne watan Mayu ke riska da saura babi takwas, ruwa ya ƙare wa ɗan kada bai gama wanka ba. Wasu iyalan ma shekarar suke yankawa gida shida, a yi karatun mako shida a huta ɗaya, kuma a cikin makon hutun ne uwa ke zama ta zana makonni shida masu zuwa. Ba ta zana fiye da haka, don ta san abin da ya wuce nan hasashe ne.

Inda hannun gwana ya fi bayyana shi ne wajen sanin cewa fannoni ba halinsu ɗaya ba da lokaci. Manomi kan haɗa gero da dawa da wake a gona guda, amma ba rana ɗaya yake shuka su ba, ba kuma rana ɗaya yake girbe su ba. Jadawalin makarantar gwamnati dole ya yi wa kowane fanni kuɗin goro, minti arba'in ko hamsin, a kaɗa ƙararrawa, domin malamai da azuzuwa ake juyawa. A gida babu wannan tilas, kuma wanda ya kwaso jadawalin makaranta ya manna a bangon ɗakinsa ya yar da babbar ribar da yake da ita.

Lissafi da baƙon harshe kullum suke son a taɓa su. Minti ashirin na Sifaniyanci kowace rana ya fi awa biyu a dunƙule ranar Alhamis. Dalilin tsoho ne. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya yi ta haddace gaɓoɓin sauti marasa ma'ana yana auna yadda suke zube masa, ya gano cewa mantuwa ta fi ɓarna a awowin farko bayan koyo, kuma bitar da aka warwatsa cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya kama jiki. Duk wanda ya yi hadda ya san wannan ba sai an kawo masa Bajamushe ba: ƙari daban, tilawar baya daban, kuma mahaddacin da ya bi ƙari ya saki tilawa, tsallake yake ginawa. Littafin Saxon a kan wannan dabara aka gina shi. Kowane darasi sabon abu ɗan kaɗan ne, sannan tambayoyi talatin da mafi yawansu daga darussan baya aka gauraya su. Binciken da Doug Rohrer da Kelli Taylor suka wallafa a 2007 ya nuna ɗaliban da aka gauraya wa nau'o'in tambayoyi sun fi shan wuya lokacin atisaye, amma sun fi cin jarrabawa bayan mako guda. Uwa mai basira ta san cewa ƙunƙunin da yarinya ke yi a kan irin wannan shafi ba shaida ba ne cewa karatun bai shiga.

Gwajin kimiyya da rubutun insha'i halinsu kishiyar haka ne. Su shimfiɗa suke so. Ba a feɗe kwaɗo cikin minti talatin, ba a kuma kafa hujja a takarda ana duban agogo. Kafin matashi ya gama kewaye-kewaye, ya goge layin farko sau uku, ya kama bakin zaren maganarsa, rabin awa ta tafi. In aka tashe shi a nan, gobe daga farko zai sake. Don haka gwana kan ware yammaci guda sukutum, awa biyu ko uku, ta ce yau rubutu ne kawai. Kimiyya kuma sau da yawa a waje ake yin ta. Iyalai kan haɗu su kafa ƙungiya, rana ɗaya a mako su taru a zauren coci ko masallaci ko laburare, mahaifin da ya karanci injiniya ya ɗauki fiziks, uwar da ke aikin jinya ta ɗauki ilimin halittu, a yi karo-karo a sayi madubin duba ƙwayoyin cuta. Manyan matasa kuma, a jihohi da dama, ana barinsu su yi rajistar kwas ɗaya ko biyu a kwalejin unguwa tun ba su gama sakandare ba. Waɗannan ranaku na waje su ake fara kafawa a jadawali, tun da ba su motsi, sauran abubuwa su kewaye su.

Sai ƙananan fannoni, waɗanda kullum su ake zalunta: labarin ƙasa, zane, mantiƙi, tattalin arziki, kiwon lafiya. In aka ce zane ranar Laraba ne, sai Laraba ta zama ranar ganin likitan haƙori, mako uku a jere, kafin a farga zango ya ƙare ba a taɓa fenti ba. Maganin da iyayen suka samo yana burge ni saboda sauƙinsa. Ba sa ɗaura waɗannan fannoni a kan wata rana. Jera su suke yi a takarda ɗaya bayan ɗaya, a ware musu awa guda bayan abincin rana, duk ranar da aka samu zama a ɗauki na gaba a layi, in an kai ƙarshe a komo farko. Ranar da ta ɓaci ba ta cinye rabon kowa ba, layin kawai ya jira. Wanda ake so ya fi fitowa sai a rubuta shi sau biyu a jerin.

Akwai kuma batun wane ne zai riga wane a cikin yini. A nan da yawa sun sha daga rijiyar Charlotte Mason, wata malama 'yar Ingila da ta rayu daga 1842 zuwa 1923, ta buɗe makarantar horar da masu koyarwa a gida a garin Ambleside a 1892, tana aika wa iyalai manhaja da jarrabawa ta gidan waya. Ra'ayinta shi ne darasi ya zama gajere domin hankali ya taru a kansa gaba ɗaya, ko manyan yara kada a wuce musu kusan minti 45, sannan a riƙa sassaɓa irin aikin: bayan lissafi a yi karatun labari, bayan karatu a yi abin hannu, kada a jera biyu masu cin ƙwaƙwalwa iri ɗaya. Karatun littafi ya ƙare da rana, yammaci na yaro ne. Ban yarda da ita ɗari bisa ɗari ba a kan gajartar darasi ga ɗan shekara 16, don na riga na faɗi abin da insha'i ke buƙata. Amma sassaɓawar gaskiya ce.

Ƙarfe nawa za a fara? A nan iyayen gida sun riga makarantu gaba. Da balaga agogon barcin jiki yakan ja baya, matashi ba ya jin barci da wuri ko an kashe masa fitila, alhali yana buƙatar awa takwas zuwa goma. A 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar kada makarantun sakandare su fara kafin 8:30 na safe, amma sai a 2022 jihar California ta fara aiki da dokar da ta wajabta haka. Uwar da ke gida ba ta jira majalisa ba. Ta ga lissafin ƙarfe bakwai hawaye yake jawowa, na ƙarfe tara da rabi kuma yana tafiya sumul, sai ta matsa shi. Iyalan Musulmi a can, waɗanda da yawansu don samun sararin hadda da zuwa Juma'a suka zaɓi wannan hanya, sukan sa Alƙur'ani bayan Asuba, a koma a ɗan rintsa, sannan a buɗe littattafan boko da hantsi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne saƙa. Malaman makaranta shida ne ko bakwai, kowa da manhajarsa, malamin tarihi bai san abin da na adabi ke yi ba. A gida mutum ɗaya ke riƙe da zarurrukan duka, yana iya harɗa su. Mu ɗauka tarihi ya kawo yarinya shekarun 1930, lokacin da fari da guguwar ƙura suka tashi manoman Oklahoma da Kansas da arewacin Texas. Uwa sai ta jawo littafin John Steinbeck na 1939, The Grapes of Wrath, wanda ke bin wani iyali da suka bar gonarsu suka nufi California, ta sa shi ya zama adabin wannan wata. A labarin ƙasa a duba taswirar ruwan sama na yankin. A ilimin halittu a tambayi dalilin da ya sa ƙasa ta tashi sama: ciyawar asali mai dogayen saiwoyi ita ke riƙe da ita, garma ta tumɓuke ta aka shuka alkama, da fari ya zo alkamar ta mutu ba abin da ya rage ya dafe ƙasa. Yarinya na iya cika faranti biyu da ƙasa, ɗaya da ciyawa ɗaya tsirara, ta kunna musu fanka ta auna abin da ya tashi. Ranar 14 ga Afrilu, 1935, aka yi guguwar da ta mai da rana dare, kuma cikin wannan watan majalisar Amurka ta kafa hukumar kare ƙasar noma. Daga nan zuwa 1942 aka dasa itatuwa sama da miliyan 200 a jere don tare iska. Insha'in makon sai ya zama tambaya guda: laifin sama ne ko na garma? Wanda ya ga farin 1973 ko na 1984 a ƙasarmu zai san tambayar ba ta yara ba ce. Fanni huɗu sun ci daga akushi ɗaya, kowanne ya zama bitar ɗan'uwansa ba tare da yarinyar ta ji ana maimaita mata ba.

Sai dai a nan ake rarrabe gwana da mai ɗoki. Mai ɗoki komai yake so ya cusa cikin jigon, har lissafi, sai ka ga an bar aljebra ana ƙirga buhunan alkama. Lissafi tsani ne, hawa-hawa ake binsa, ba ruwansa da abin da tarihi ke ciki. Gwana takan ƙyale shi ya bi hanyarsa. Ba kuma kowane mako take saƙa ba, sai inda zaren ya haɗu da kansa.

Jumma'a, ko duk ranar da iyali suka zaɓa, ana barinta kusan fayau. Ita ce ranar biyan bashin abin da ya zube cikin mako, ranar gwaji, ranar laburare. Ita ce kuma ranar da uwa ke gano ko karatu ya zauna. Dabarar Mason ce har yanzu: a rufe littafi, yaro ya faɗi abin da ya karanta da bakinsa, ko ya rubuta shi da kansa, ba a tsoma masa baki. Uwar da ba ta san kemistiri ba ma tana iya jin bambancin wanda ya fahimta da wanda ke kame-kame. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka gwada wannan da ɗaliban jami'a, suka ga waɗanda suka rufe takarda suka yi ƙoƙarin tunowa sun fi waɗanda suka yi ta sake karantawa riƙe abin bayan mako guda, ko da yake masu sake karantawar sun fi amincewa da kansu.

Duk wannan tsari da fensir ake rubuta shi, kuma a hankali fensir ɗin yake sauya hannu. Ɗan shekara 13 ana ba shi takardar yau: yi wannan, sannan wannan. Ɗan shekara 15 takardar mako ake ba shi ranar Lahadi da yamma, a zauna tare minti ashirin, a ce ga darussan lissafi huɗu, ga babi uku na Steinbeck, ga insha'i da ake jira ranar Alhamis, kai ka san yadda za ka jera su. Zai jera su ba daidai ba. Zai tara komai zuwa daren Laraba, ya kwana yana rubutu, ya kawo abin kunya. Uwa tana gani tun Litinin, harshenta na ƙaiƙayi, ta yi shiru, don gara ya ɗanɗana wannan a teburin gidansu da ya ɗanɗana shi a shekarar farko ta jami'a. Kafin ya kai 17 shi ke kawo nasa jadawalin ita ta duba. A ganina wannan shirun ya fi duk sauran aikin wuya.

Bayan an yi, sai a rubuta. Da yawa daga cikin gogaggun sukan ajiye littafi biyu, na abin da aka yi niyya da na abin da aka yi da gaske, kuma na biyun shi ke da daraja. Daga cikinsa ake fitar da rahoton hukuma, daga cikinsa kuma uwa ke haɗa takardar sakamakon da za a aika jami'a, bisa ma'aunin da Gidauniyar Carnegie ta kafa tun 1906, wanda ya ɗauki kusan awa 120 na karatun fanni a matsayin kwas guda na shekara.

Ba kowane gida ke da irin wannan uwa ba, kuma bai kamata a ɓoye ba. A jihohin da ba a bibiya, akwai yaran da sunan karatun gida kawai suke ɗauke da shi. Tara Westover, wadda ta tashi a duwatsun Idaho, ta ba da labari a littafinta na 2018 cewa ba ta taɓa zama a aji ba sai tana da shekara 17. Jamus ta haramta abin gaba ɗaya, Faransa kuma tun 2022 sai da izinin hukuma. Ko inda aka yi shi da kyau, yawanci albashin mutum ɗaya ya tafi a kansa.

A Najeriya dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye kai yaro firamare da ƙaramar sakandare, don haka ba kiran a cire yara daga makaranta nake yi ba. Amma muna da namu matasan da ke karatu a gida ko ba a kira su da wannan suna ba: wanda ya gama aji shida na sakandare bai samu kiredit a Ingilishi ko lissafi ba yana jiran jarrabawar WAEC ko NECO ta 'yan waje, da wadda za ta sake zama JAMB, da waɗanda rashin tsaro ya rufe musu makaranta. Mafi yawansu tarin tsofaffin takardun tambayoyi kawai aka miƙa musu aka ce su yi karatu. Yaya ko gwaggon da za ta zauna da irin wannan yaro ta ƙirga makonnin da suka rage, ta cire na azumi da na salla da na girbi, ta raba manhaja a kan abin da ya saura, ta riga ta yi masa rabin aikin. Lissafi da Ingilishi kullum da hantsi, kafin zafi da aike-aiken gida su taso. Abin da ke buƙatar waya ko kwamfuta a ajiye shi ga lokacin da aka saba kawo wuta, kuma lallai a nemi inda zai taɓa kwamfutar ko sau ɗaya a mako, tun da JAMB a kanta ake amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu. Islamiyya tana nan a gurbinta da yamma. Alhamis bayan La'asar, yaro ya rufe littafi ya biya wa wani babba abin da ya karanta tun Asabar, ko da babban bai taɓa shiga ajin kemistiri ba.